Hayaƙin Da Ya Karkata Dama

"Wata uku kika ce, Tamsin! Wata uku! Yau ga mu a na goma sha ɗaya!"

"Ka rage murya, don Allah... Baba yana ji."

"Ya ji mana! Ai ido ne ya lalace, kunnensa ras yake."

Ina zaune a falo, a kujerar da ta zama tawa tun rasuwar matata, ƙofar kicin kuwa ba a rufe ta sosai ba. Lahadi ce, mun gama cin abincin rana, ƙanshin gasasshen naman rago bai gama barin gidan ba. Fergus, saurayin da zai auri ƴata, yana wanke kwanuka, ita kuma tana gogewa. Daga yadda cokula suke karo da juna a cikin ruwan na gane haƙurinsa ya zo wuya.

"Sun sake kirana shekaranjiya," in ji shi. "Sun ce in ban kama aiki ranar ɗaya ga Disamba ba, za su nemi wani. Sau biyu ina roƙon su ɗaga min, ba ni da bakin roƙo na uku. Tsibiri guda ba likitan dabbobi, Tam! Shanun mutane suna mutuwa wurin haihuwa, ni kuma ina nan ina yanke wa karnukan tsofaffin mata farce!"

"To ka tafi mana. Na riƙe maka ƙafa ne?"

"Kin fi kowa sanin ba ƙafa kika riƙe ba."

Famfo yana ɗiga.

"Rabin raina..." Muryarsa ta sauko. "Gidan yana kallon teku. Akwai ɗaki a ƙasa, ba hawa ba sauka. Mu tafi da shi, na rantse ban ƙi ba."

"Baba ya bar Burslem? Ya bar faifan waƙa dubu huɗu? Gara ka ce ya tuɓe fatar jikinsa ya ba ka."

"To sai yaushe?"

"Sai ya gama littafin."

"Shekara nawa ke nan yana rubuta littafin?"

"...Goma sha tara."

Fergus ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Ba ya gani, Fergus! Wa zai karanta masa wasiƙa? Wa zai duba masa kwalbar magani? Makon jiya gishiri ya zuba a shayi! In na tafi ya faɗo daga bene, da wane ido zan dubi kaina?"

Ta tsagar ƙofar ina hango bayan hannunta. Ina hango kumfar sabulu a kan zoben da ke yatsanta, da ƙaramin shuɗin dutsen da ke tsakiyarsa. Ina hango su tar, daga nisan taku bakwai.

Gishirin nan kuwa da gangan na zuba shi.

Sunana Clive Podmore. Shekarata sittin da ɗaya, kuma a lokacin da nake ba da labari na yi wata goma sha ɗaya ina yi wa ƴata tilo ƙaryar makanta. Ba don a tausaya mini nake rubuta wannan ba. Na ƙare rayuwata ina gyara wa mutane kuskuren suna da na kwanan wata a tarihin wasu. Ya kamata ko sau ɗaya in faɗi nawa daidai.

Baƙo zai ce Kiln Street ƙungiyar makaɗa ce kawai, irin ɗaruruwan da aka yi a ƙasar nan a wancan zamani. Mu kuwa namu ne. Samari huɗu ne, dukansu ƴaƴan ma'aikatan masana'antar tangaran, waɗanda suka tashi da farar ƙasa a ƙarƙashin farce. Mawaƙinsu, Dougie Salt, faranti yake jerawa a tanderu kafin ya san yana da murya. Mai gangarsu yana dukanta ne da irin bugun injin da uwata ta yi shekara talatin tana tsaye a gabansa. In jitar nan ta ɗauka kuwa, sai ka ji kamar an buɗe maka ƙofar tanderu a fuska. Sun yi waƙa a kan tarin da ya kashe kakanninmu, da yarinyar da ke jiran bas cikin ruwan sama, kuma a bakinsu muka fara jin sunan titunanmu yana fitowa daga rediyo.

Ina ɗan shekara goma sha biyar na fara ganinsu, na dawo gida kunnena yana ƙara har kwana biyu, ban kuma warke ba har yau. Faifai bakwai suka yi cikin shekara goma sha uku, sannan ciwon huhu ya ɗauke Dougie, sauran ukun suka ce ba za su ƙara hawa dandamali da wani ba. Ni kuma na ci gaba da fitar da ƴar mujallar masoyansu, sau huɗu a shekara, ban taɓa fashi ba.

A layin sayen tikitinsu na haɗu da Denise. Ta ce faifansu na uku ya fi na farko. Na yi awa biyu ina nuna mata kuskurenta. Ta ce, "Kai dai ko ka kashe ni da surutu, ko ka aure ni." Na zaɓi na biyun. Ta rasu Tamsin tana da shekara goma sha biyu, ta bar mu mu biyu da faya-fayai.

Shekara huɗu da suka wuce yanar ido ta kama ni, ta rufe duka biyun. Wannan ba ƙarya ba ne. Tamsin ta ajiye aikinta a Manchester ta dawo gida, ta zama idona. Aikinmu kuwa na ido ne tsantsa. A jikin kowane faifai, tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya, akwai ɗan fili mai santsi inda mai yanka faifan yake karce lamba da tsinin allura. Lambar nan ce take faɗa maka ko bugun farko ne, ko na biyu, ko na jabu. Kullum bayan shayin yamma mukan hau ɗakin sama, ta ɗauki gilashin ƙara girma ta karanta, ni in ba da labarin, ita ta rubuta a littafin tarihin Kiln Street da nake haɗawa.

Sai layi ya zo kaina a asibiti, aka kankare mini yanar, ido ɗaya bayan ɗaya. Ranar dubawa ta ƙarshe na ce ta jira ni a waje. Likita ta nuna mini allon haruffa, na karanta har layin ƙasa. Na fito zuciyata fal, na ga fuskar ƴata a karon farko cikin shekara uku. Haɓar Denise ce sak. Akwai kuma layi biyu a goshinta da ban san da su ba.

Na buɗe baki zan faɗa mata. Ta riga ni.

"Yaya, Baba? Ya yi? Don in ya yi... akwai magana. An bai wa Fergus aiki a garinsu, a Orkney. Sannan ka ga..." Ta ɗago hannunta har kusa da hancina, yadda ta saba nuna mini abu.

Zobe.

Orkney: yini guda a jirgin ƙasa, sannan jirgin ruwa. Nan take na hango gidanmu babu motsin kowa, na hango kofi ɗaya a kan tebur.

"Dishi-dishi," na ce. "Likita ta ce sai a hankali. Wataƙila wata uku."

An ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere. Nawa na gina shi daidai tsawona, na shiga na zauna. Ba ni da ikon ɗaga jarida in tana gida. A banɗaki nake karantawa, in murɗa makulli kamar mai aikata abin kunya. Nakan ga ƙura a kan kwalin faifai in haɗiye takaici. Nakan ga kujera a gabana in yi karo da ita, don kada a ce na kauce. Kowace safiya nakan ce yau zan ce mata ya fara washewa. Kowace yamma sai in tarar na ƙara wa ƙaryar kwana guda, ƙofar fita kuma ta ƙara ƙuntata.

Yammacin wannan Lahadin, bayan Fergus ya fita ba sallama, muka hau sama kamar kullum. Ta zaro faifansu na huɗu, bugun Jamus, ta karkata shi ga fitila. Yatsanta babu zobe. Sai farin zagaye a inda ya zauna.

"K, S, huɗu, sai ƴar sanda, sai B biyu," ta karanta.

Muryarta daidai, ba rawa ko kaɗan. Hawaye kuwa yana sauka ta gefen hancinta, ɗaya na bin ɗaya, tana tare shi da bayan hannu kada ya ɗiga a kan faifan. Domin ni ta koyi kuka ba sauti. Ba ranar ta fara ba, ba kuma ranar na fara kallo ba.

"Mura ce take damunki?" na ce.

"Ɗan sanyi ne. Baba... Fergus zai tafi Litinin ta sama, bayan taronku na shekara. Shi kaɗai."

"Ke fa?"

"Ni ina za ni? Wa zai hana ka shan shayi da gishiri?" Ta yi ƴar dariya domin in ji.

Gaskiya ta taso mini har kan harshe, na ji ɗacinta. Numfashi ɗaya ya isa in faɗe ta.

"Sake karanta mini lambar," na ce. "Kamar B ɗaya na ji."

Asabar ɗin ƙarshe ta Nuwamba ita ce ranarmu, ranar da Kiln Street suka fara hawa dandamali a zauren ƙungiyar ma'aikata. A wannan shekarar, shekara hamsin ke nan cif. Ƙarfe biyu na rana zauren ya cika da masu furfura cikin tsofaffin rigunan fata da suka daina rufe ciki, wasu da sanda, wasu da jikoki, har da wasu mata biyu da suka taso takanas daga Japan. Yadda muka saba, aka ɗora faifan farko, kowa ya miƙe tsaye, ba mai cewa uffan har aka juya shi, har allura ta kai ƙarshe. Na ga ƙarti suna share ido da hula. Na ga Fergus can baya wurin tukunyar shayi, ya zo taya aiki kamar yadda ya yi alkawari tun bazara, idonsa a kan ƴata. Duk na gani, fuskata tana fuskantar bango.

Daga nan sai abin da muke kira kotu. Akan ajiye tebur in zauna, kowa ya kawo abin da ya samo a shekarar, a faɗa masa ko na gaske ne. Tamsin tana gefena da gilashinta.

Sai ga Neville Brough yana ratso mutane, ya rungume jaka a ƙirji kamar jinjiri. Ni da Neville benci ɗaya muka zauna a firamare. Ya yi shekara talatin yana tuƙa bas, ya kuma yi arba'in yana neman abu ɗaya: bugun farko na faifan farko. Ɗari biyar kacal aka buga. Ni ina da ɗaya, ban kuma taɓa bari ya manta ba.

"Ku matsa, ku ba sarki hanya! Podmore, tsohon banza, yau mulkinka ya ƙare!"

"Wa nake ji kamar Neville? Ba an ce likita ya hana ka ihu ba?"

"Ya hana ni naman alade ma, ka ga na daina? Ƴar gidana, ungo. A hankali! Ta gefe! Duba wa ubanki, ki faɗa da ƙarfi yadda na baya za su ji."

Tamsin ta zaro faifan, ta sunkuya a kansa da gilashi. Ta daɗe. Ta juya shi, ta shafa bakin kwalin da yatsa.

"Lambar daidai take... karcen hannu ne, ba tambari ba. Kwalin ma nasa ne." Ta yi murmushin farko da na gani a fuskarta cikin mako guda. "Kawu Neville, ka samu."

Zaure ya ɗauki tafi. Neville ya karɓi abinsa ya ja da baya, taku uku, huɗu, ya ɗaga shi sama da hannu biyu yana juyawa don kowa ya gani.

"Shekara arba'in! Shekara arba'in mutumin nan yana min kallon ɗan koyo! Daga yau sarki biyu ne a Burslem! Kai, nawa ma ya fi naka tsabta, Podmore, naka ai Denise ta taɓa ɗora wa kwalinsa kofin shayi!"

A takardar tsakiyar faifan akwai zanen tanderu, bai fi ƙwayar wake ba, da siririn hayaƙi yana fita daga bakinsa. A na gaske, hagu hayaƙin ya karkata. Wasu ƴan jabu da suka kwaikwayi faifan shekaru masu yawa baya sun iya lambar, sun iya kwalin, amma sun juya zanen. Ni kaɗai na gano wannan, ban kuma gaya wa kowa ba, har Tamsin. Na ɓoye shi ne domin babi na uku na littafina, in ba duniya mamaki.

Hasken taga ya faɗi a kan takardar.

Ban yi shawara da kaina ba. Wata goma sha ɗaya na iya kallon hawayen ƴata na yi shiru. Daƙiƙa biyar ban iya kallon faifan jabu ana yi masa tafi ba.

"Na jabu ne!" Sai na ji ni a tsaye, yatsana a miƙe. "Dubi hayaƙin, sakarai! Dama ya karkata!"

Tafin ya mutu a hannun mutane.

"Wane hayaƙi?" in ji Neville. Ya sauke faifan, ya kawo shi kusa da hanci, ya gyara tabarau. Bai gani ba, sai da ya dawo ya ɗauki gilashin Tamsin. "Kai... hayaƙi ne kuwa. Dama." Ya ɗago a hankali. "Clive. Ni da tabarau sai da na haɗa da gilashi. Kai daga can ka hango?"

Can baya na ji an ajiye tiren kofuna.

Tamsin ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallon tsakiyar idona, ni kuma, a karon farko tun ranar asibiti, ban kawar da shi zuwa bango ba. Ta juya ta fita ta ƙofar baya.

Na same ta a bayan zauren, tsakanin kwandunan shara da tulin karyayyun kujeru, yayyafi yana sauka a gashinta. Ban lalubi bango ba wajen zuwa. Ta lura da hakan.

"Tun yaushe?"

"Tam, ƴata..."

"Tun yaushe, Baba?!"

"Tun ranar dubawa ta ƙarshe."

"Ranar da na nuna maka zobe."

"Ranar."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar mai mayar da kaya mazauninsu ɗaya bayan ɗaya. "Gishirin?"

"Da gangan."

"Ranar da ka buge gwiwa a matakala, na fasa zuwa bikin ƙawata?"

Na sunkuyar da kai.

"Ɗago! Ɗago ka dube ni, tunda kana gani!" Na ɗago. "Ka ga na cire zoben?"

"Na gani."

"A ɗakin sama... duk ranakun nan... kana ganin fuskata?"

"Ina gani."

"Kana kallona ina kuka, ka ce in sake karanta maka lamba."



"Tsoro na ji," na ce. "Gidan nan... tun da uwarki ta..."

"Kada ka sako Mama! Kada ka kuskura!" Ta dafe ƙirji. "Da ka ce min, Tam, ina tsoron zama ni kaɗai, ka san me zan yi? Zama zan yi! Wata shida, shekara, da yardata! Da ka roƙa da na ba ka, Baba. Amma ba ka roƙa ba. Sata ka yi."

Ƙofa ta buɗe, Fergus ya fito da rigar sanyinta. Ya yafa mata a kafaɗa ba tare da ya dube ni ba.

"Fergus," na ce, "laifina ne, ba nata ba. Zoben nan da ta cire..."

"Mista Podmore, a wajenmu akwai wata tsuntsuwa da take jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, alhali lafiyarta ƙalau. Na sha gani da idona." Ya gyara mata wuyan rigar. "Amma ita don ta janye maƙiyi daga ƴaƴanta take yi."

Suka wuce ni.

Ba ta dawo gida ba sai safiyar Litinin, shi ma don ta kwashi kayanta. Akwati biyu. Na tsaya a ƙasan matakala kamar baƙon da bai san inda zai sa hannunsa ba.

"In kama miki ɗaya?"

"Bar shi. Maganinka yana kan firij. Ka iya karanta takardar."

Iyakar sallamar ke nan. Na hau ɗakin sama na tsaya a taga. Likitar nan ta iya aikinta, Allah ya sani: na ga zoben ya koma yatsanta sa'ad da ta kama murfin mota, na ga kafaɗunta suna girgiza ta gilashin baya, na ga hannun Fergus ya bar sitiyari ya kama nata. Har kwanar titi ina gani. Ba ta waiwayo ba, kuma ba ni da damar in ce wataƙila ta waiwayo ban gani ba.

Gidan ya zama abin da na ji tsoro, har da ƙari, domin yanzu ni na san wanda ya mayar da shi haka.

Neville ya yi mako uku ba ya kula ni, sannan wata Juma'a da rana ya bayyana da kifi da soyayyen dankali a takarda.

"Ba don kai na zo ba, kifin ne ya yi min yawa. Matsa, makahon bogi." Ya zauna ya buɗe takardar a kan gwiwa. "Na sa faifan nan, ka sani. Na jabun. Waƙar ɗaya ce, Clive. Dougie bai san hayaƙi ya karkata ba."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ta kira?"

"A'a."

"Kai ka kira?"

"In ce mata me?"

"To rubuta mata! Kai da kake cika shafi arba'in a kan tsirkiyar jita, ka rasa abin da za ka gaya wa ƴar cikinka? Amma ka ji, in ka sa sunan Kiln Street ko sau ɗaya, da kaina zan zo in ƙona ɗakin saman nan."

Na rubuta. Kowace Lahadi wasiƙa ɗaya, da hannuna. Ban kawo uzuri ba, ban ce ta dawo ba. Na jera mata abubuwan da na yi, ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba ta gano ba, na kira kowanne da sunansa. Wasiƙa goma sha bakwai, ba amsa.

A watan Afrilu wani ƙaramin kati ya faɗo ta ramin ƙofa. An rubuta shi da haruffa ƙanana kamar sawun tururuwa, da gangan. A tsaye na karanta, ba tabarau.

"Baba. Sha huɗu ga Yuni, ƙarfe biyu, cocin Stromness, a nan Orkney. Ban gama yafe maka ba, kada ka ɗauka na gama. Amma ba ni da wani uban da zai kai ni gaban Fergus. Ba mai zuwa ɗaukarka. Ka kawo kanka."

Na kai kaina. Jirgin ƙasa uku, sannan jirgin ruwa.

Ranar, iska tana kaɗawa daga teku kamar za ta tsige furannin da aka ɗaura a ƙofar cocin. Kowa ya shige, an bar mu mu biyu a waje, ana jiran uba ya shigo da amarya. Tana tsaye cikin farar riga, ta riƙe mayafinta da hannu ɗaya kada iska ta tafi da shi. Layi biyun nan na goshinta suna nan, amma fuskar ta cika.

"Ka rame," ta ce.

"Kin yi kyau, ƴata. Kin yi kama da..."

"Na sani. Yi shiru, kada ka sa ni kuka, awa guda aka ɓata a fuskar nan."

Kiɗa ya tashi daga ciki. Ta saƙala hannunta cikin nawa, muka nufi ƙofa, sai na ji ta matse mini damtse yadda hannun ya saba.

"A hankali, Baba, akwai mataka..."

Ta tsaya cak. Muka dubi juna. Wani abu tsakanin dariya da shessheƙa ya kufce mata, idanunta suka cika taf, wannan karon ba ta kuma ɓoye ba.

"Ina gani," na ce.

"To ja ni," ta ce. "Yanzu ni ce ba na gani."

Matakala uku ce, ta tsakiya ta ɗan fashe. Na faɗa mata inda za ta sa ƙafa. Muka bi tsakiyar cocin a hankali, har inda Fergus yake tsaye yana jiranta.

Na kai ta. Na buɗe yatsuna, na saki.